Talibamban Yana Nan a Zaurena

Bari in faɗi wautata da bakina kafin wani ya riga ni. Da furfurata har a gira na hau mashin zuwa kasuwar Lolo sayen taki, na dawo Bagudo da akwatin gilashi ɗaure a bayana. Wani mai kayan gwanjo daga Kwatano ne ya nuna mini hoto a waya: ɗakin wani mai hali, ga irin akwatin cike da ruwan gishiri na teku, ga ƙaton kifi mai haƙoran zomo yana yawo cikin ƙananan kifaye, kowa lafiya lau. Na ce ai wannan talibamban ne, muna da shi a gulbin Kwara, masunta ma jefar da shi suke yi. Aji uku na yi a boko, amma hoto dai ina karanta shi.

Ruwan teku ba mu da shi, sai na cika akwatin da na gulbi. Wani abokina masunci, wanda muka tashi tare, shi ya kamo mini talibamban mai tsawon kamu guda, cikinsa rawaya, idonsa ja. Ina taɓa shi ya kumbura kamar tulu.

"Tsohon banza," in ji shi, "wanga ba a haɗa shi da kowa. Gawa za ka kwasa."

Na ce, "Kai kamun kifi ka sani, ni zaman gida na sani. Mu talatin munka tashi gidanmu, tukunya guda, ba wanda ya ci wani."

Na zuba masa wasu kifaye, karfasa huɗu da kurungu biyu, tunda duk 'yan gulbi ɗaya ne. Kwanakin farko abin sai son barka. Ina tsinto masa dodon koɗi a fadama, yana tauna su ƙaras-ƙaras, har daga ƙofar gida ana ji. In na shigo zaure sai ya taso ya manna fuska a gilashi, yana juya ido ɗaya yana bina da shi. Akuyar da na yi shekaru ina ciyarwa ba ta taɓa yi mini wannan kallon ba.

Mai ɗakina, wadda ta fi kowa zagin akwatin, ita ma sai ta yi ƙawa a ciki: wata karfasa mai jan ƙirji da ke cin dusa a yatsunta.

Sai wutsiyoyin sauran kifayen suka fara raguwa, cizo zagaye tsaf kamar an sa almakashi. Na yanko asabari na raba akwatin biyu, yadda ake kafa danga in 'yan'uwa sun fara hararar juna. Cikin kwana biyu talibamban ya huda wa kansa ƙofa. Ran na uku da hantsi mai ɗakina ta zo da dusarta, ta tarar da rabin ƙawarta yana yawo a saman ruwa.

"Malam, yau wanga iblis zai koma gulbi. In ba haka ba, in daka shi in zuba maka a miya."

"Ai ba a cin shi, dafi gare shi."

"Na sani."

Maganar ta kai majalisarmu ta gindin darbejiya, dattawa suka yanke hukunci ba tare da an gayyace su ba: a mayar da mugu, a bar masu haƙuri. Na ce ban yarda ba. Shi ya roƙe ni in kawo masa maƙwabta? An gaya mini halinsa tun a bakin ruwa, ni na toshe kunne. Bai yi mini ƙarya ba, bai yi fuska biyu ba, haƙoransa a waje suke kowa na gani. In akwai wanda za a jefa gulbi, ni ne, kuma ba ni zuwa.

Da la'asar na kwashe karfasa uku da kurungu biyu a bokiti, guntayen wutsiyoyi duka, na kai su gulbi. Abokina yana gyaran komarsa ta kamun kifi a bakin jirginsa, ya leƙa bokitin.

"Ina mai laifin?"

"Yana gida, yana hutawa."

Ya yi dariya har ya zauna a cikin laka.

Talibamban yana nan a zaurena, shi kaɗai, ya yi ƙiba. Ya taɓa cire mini tsoka a ɗan yatsa ina sauya ruwa, na ɗaure da tsumma na ce ƙofa ce ta datse ni. Mai son ganinsa ya zo, mai zagi ma ya zo, akwai tabarma.

Ranar da na dawo da bokitin wayam, na sami mai ɗakina a tsaye gaban akwatin tana kallonsa yana shawagi. Na shirya wa faɗa, amma ko juyowa ba ta yi ba. Magana ɗaya ta yi:

"Su dai sun ji daɗi. Ni shekara arba'in nika zaune da irin shi, ba wanda ya taɓa ɗaukata a bokiti ya kai ni gulbi."