Dattijon Da Muka Shiga Dajinsa Ba Izini

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da abin nan ya faru ina matashin injiniya a Doha, ban daɗe da zuwa daga Zariya ba, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar da ake kira Matar Qadeem. Ina jin kaina sosai a lokacin, ba na son a gyara mini magana.

Wata shekara zafin Agusta ya ishe mu, ni da wani abokin aikina Bakatsine wanda ya girme ni, nake ce masa Yaya. Muka ɗauki hutu muka tafi kudancin Oman, inda damina ke mayar da duwatsu kore shar, itatuwa a cunkushe kamar ba ƙasar Larabawa ba. Muka bar mota a gindin dutse, muka goya tanti da ruwa da kilishi, muka hau da ƙafa. Can sama muka iske shingen waya da wani allo. Yaya ya fi ni Larabci, ya karanta ya ce dajin na wani ne, sai da izini ake shiga. Na ce kwana ɗaya ne kawai, babu mai ganinmu. Na kwance wayar na wuce, ban ma mayar da ita ba. Ya biyo ni ba da son ransa ba.

Mun kwana lafiya. Da gari ya waye sai gajimare ya sauko ya lulluɓe dutsen, ba ka ganin taku biyar a gabanka. Yaya ya ce mu jira ya washe, na ƙi. Na fita duba hanya, ƙasa ta yi santsi, na zame na gangara cikin wani kwazazzabo, ƙafata ta hagu ta karye. Wayar salula ba ta kamawa a wurin. Yaya ya sauko inda nake amma ya kasa ɗaga ni, kuma bai yarda ya tafi ya bar ni ba. Da azahar ta yi ya miƙe ya kira salla da iya ƙarfinsa, ya yi ta maimaitawa har muryarsa ta dishe.

Kiran nan ne ya jawo mana wani dattijo, mai dajin. Ashe shanunsa yake nema, sun fice ta inda na kwance wayar. Bai tambaye mu komai ba. Ya sare itace biyu, ya yage mayafinsa ya ɗaure mini ƙafar, ya je ya zo da raƙumi. Shi da Yaya suka ɗora ni, ya ja akalar har gidansa, matarsa ta ba mu madara mai ɗumi, sannan ya kai ni asibiti a motarsa.

A hanya kunya ta ishe ni, na sa Yaya ya gaya masa ni ne na buɗe shingen. Dattijon ya ce ya sani. Sai ya ƙara da cewa, "Ɗana, da ka zo ka yi mini sallama, da ni da kaina zan kai ka wurin da ba a zamewa." Sai da muka koma Doha na warke, sannan Yaya ya faɗa mini cewa saniya ɗaya ta faɗa rami a ranar, yanka ta aka yi. Dattijon ya roƙe shi kada in ji sai na warke.

Har yau ina ɗan ɗingishi idan an yi sanyi, kuma ba na idar da salla ban sa mutanen nan biyu, dattijon da Yaya, a addu'a ba. 'Yan uwana masu son hawa dutse da kwana a daji, in kun ga shinge ku tsaya ku nemi mai wurin. Haƙƙinsa ne, kuma ya san inda ƙasarsa ke da haɗari. In babba ya ce ku dakata, ku dakata. Ni na samu wanda ya yafe mini tun ban roƙa ba, amma ba kowa ke dacewa da irinsa ba.