Ƙaramar Ƙofar Inna Tumba

Akwai wata Talata a cikin shekarun aikina da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina sashen filaye da safiyo a Tambuwal, saura kaɗan in ajiye aiki, damina kuma tana ban kwana. Aikinmu, ga wanda bai sani ba, shi ne auna fili, kafa duwatsun iyaka, da zana taswirar da za ta hana maƙwabta cin kwalar juna. Ku da kuka zo yanzu kuna da na'urar da ke magana da tauraron ɗan'adam. Mu tef muka sani da ƙafafunmu.

Da hantsi wani dattijo ya yi sallama a ƙofar ofis. Fari ne siriri, ya kai saba'in, rigarsa wankakkiya amma ta sha hanya. Ya ce sunansa Malam Haliru, daga Kwantagora ya taso. Ni kuwa a lokacin na gaji da masu zuwa neman gadon da kakanninsu suka sayar tun kafin a haife su, don haka na amsa masa sama-sama, ban ko ɗaga kai sosai ba.

"Malam, ba fili nika nema ba," in ji shi. "Kabarin mahaifiyata nika nema."

Nan na ajiye biro, na jawo masa kujera.

Ya ce a Kebbe aka haife shi, gidan wani malami mai suna Malam Usmanu. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa Kulu ta rasu wurin haihuwa, aka binne ta a cikin gida, kamar yadda wasu gidajen malamai suke yi a da. Ba a daɗe ba kawunsa ya tafi da shi. Uban ya rasu, 'yan'uwa suka watse, gida ya zama kango, daga baya aka share kangayen unguwar gaba ɗaya da katafila. Yanzu labari ya iske shi cewa wani ɗan kasuwa, Alhaji Modi, ya sayi filin zai gina shaguna, ranar Asabar za a fara haƙa tushe. Malam Haliru ya je Kebbe ya tsaya a filin, bai gane komai ba. Abin da ya riƙe a ransa kawai shi ne akwai magarya kusa da kabarin, magarya kuwa ko kututturenta babu. Alhaji Modi mutumin kirki ne, ya ce in an nuna masa wurin zai bar shi, amma ba zai bar fili duka a kan wataƙila ba, ga shi ya riga ya ɗauki magina.

Abin da ya kawo shi wurinmu shi ne, a da Kebbe tana ƙarƙashin Tambuwal, tsofaffin takardunta da yawa suna ɗakin ajiyarmu. Na je wurin shugaban sashe na nemi mabuɗi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Umaru, yaushe munka koma masu neman kabari?"

"Ranka ya daɗe, shi ma fili na," na ce masa. "Kuma shi na filin da ba mai jayayya da mai shi."

Ya yi dariya ya miƙo mabuɗin.

Mun sha ƙura a ɗakin nan, ni da Malam Haliru, har muka ciro tsohuwar taswirar garin, gara ta ci gefenta. Sai dai irin waɗannan taswirori ba sa rubuta sunan mai gida. Suna nuna lungu, masallaci, rijiya, da ƙofar kowane gida da ke fuskantar hanya, shi ke nan. Na ga jikin dattijon ya yi sanyi. Na ce masa ya yi haƙuri, da sauran dabara.

Dabarar ita ce littafin haraji. Malaman haraji na da ba sa jera sunaye bisa harafi. Suna bin mai unguwa ne ƙofa-ƙofa, daga gidansa su bi lungu, suna rubuta mutane yadda suka iske su. Saboda haka wanda ke kusa da kai a takarda, shi ne maƙwabcinka a ƙasa. Muka yi ta buɗa shafi har muka iske Malam Usmanu, sama da shi wani Garba Maƙeri. Da na ga maƙeri sai hankalina ya ɗan kwanta. Malami yana iya tashi, ɗan kasuwa yana iya tashi, amma maƙera ba su cika barin wurin da kakansu ya kafa uwar maƙera ba.

Washegari na goya shi a babur muka nufi Kebbe. Wanda ya san hanyar nan da damina ba sai na yi masa bayani ba. Mun sauka mun tura fiye da yadda muka hau. Da muka isa na shimfiɗa taswira a gindin masallacin unguwar, wanda an sake shi da bulo amma yana inda yake. Daga nan na ja tef na bi tsohon lungun, wanda yanzu rabinsa ya shige cikin filin Alhaji Modi. Lissafina ya kai ni gefen filin na yamma, inda ya haɗu da bayan wani gida. Ban ko gama naɗe tef ba muka jiyo ƙarar guduma daga zaurensa.

Gidan na bulo ne, da kwano sabo. Amma a bayansa, ta wajen filin, akwai guntun katangar ƙasa guda ɗaya, tsohuwa tukuf, an tallafe ta da itace. A jikinta akwai wata 'yar ƙofa da ba ta kai ƙirjina ba, an toshe ta da tsohon kwano. Na duba taswira, babu ita.

Muka zaga muka yi sallama da maigidan, ɗan Garba Maƙeri ne, shi ma furfura ta fara. Na tambaye shi labarin katangar. Ya girgiza kai.

"Rigimar Inna ta. Mun so mu rushe ta tun sanda munka yi gini, tac ce sai bayan ranta."

Na roƙi ya yi mana iso wurin mahaifiyar tasa. Muka iske Inna Tumba zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, tsohuwa ƙarama, idanunta sun yi fari. Bayan gaisuwa ta ce su wane ne. Dattijon ya durƙusa ya ce shi ne Haliru ɗan Malam Usmanu. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Nomau?" in ji ta. "Nomau na Kulu?"

Wallahi ina tsaye na ga mutum mai shekara saba'in ya fashe da kuka kamar yaro. Daga baya ya gaya mini tun ranar da ya bar Kebbe ba wanda ya ƙara kiransa da wannan suna, shi kansa ya manta da shi. Ni ma sai na juya ina duban rumbu, don idona ya cika.

Ta sa aka kama hannunta zuwa katangar. Ta ce ita da Kulu shekara ɗaya aka kawo su aure, ba su san kowa a garin ba, ga shi ba sa fita. Sai mazansu suka huda musu wannan ƙofa, su riƙa ɗebo wa juna wuta da gishiri, su yi hira in aiki ya lafa. Ta nan aka kira ta ranar naƙudar Kulu, a hannunta ta cika.

"Nan anka sa ta, dab da ƙofa, hannun dama in ka fita," ta ce. "Ni nar roƙi Malam a sa ta nan, don in riƙa yi mata addu'a ba sai na fita waje ba. Ranar da katafila taz zo, bisa wurin niz zamna, nac ce ma mai tuƙi sai dai shi haɗa da ni."

Batun sayar da filin kuwa, ba wanda ya gaya mata, wai don kada hankalinta ya tashi.

Aka janye kwanon. Malam Haliru ya duƙa zai wuce, kansa ya bugi saman ƙofar. Inna Tumba ta ji ƙarar, ta yi dariya da hawaye a fuskarta.

"Da can da gudu kaka wucewa, ko duƙawa ba ka yi."

Muka aika aka kira Alhaji Modi. A gabansa muka share yashin da ke hannun dama a hankali da tafin hannu, ba mu yi nisa ba sai ga jerin duwatsu a kwance, kudu da arewa. Kabarin ke nan. Alhaji Modi ne ya fara ɗaga hannu, muka yi addu'a tare. Sannan ya ce in auna, in fitar da wurin daga filinsa, in haɗa har da hanyar da za a bi daga ƙofar. Na kafa duwatsun iyaka da hannuna, na zana sabuwar taswira. A jikinta na sa alamar 'yar ƙofar, ko da yake a cikin alamomin da aka koya mana babu ta irinta.

Da na zo tafiya Malam Haliru bai biyo ni ba. Na bar shi zaune a ƙasa, shi ta waje, Inna Tumba ta ciki, ƙofar a buɗe tsakaninsu, yana tambayarta kamannin mahaifiyarsa, don ya ce fuskarta ta ɓace masa.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne taswirarmu ƙofofin maza kawai take nunawa, waɗanda ke kallon hanya. Rabin garin yana bayan katanga, mu ba mu taɓa zana shi ba. Tun daga ranar, duk tsohon filin da aka tura ni, kafin in warware tef sai na nemi iso wurin tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, in durƙusa in gaishe ta, in tambaye ta ko akwai wanda ke kwance a nan.