Kwana Ukun da Na Tsallake

Ɗiyata ta biyu malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Birnin Konni. Duk shekara idan aka yi babban hutu, lokacin da gero ya kai gwiwa, takan taho Dogarawa ta yi mana wata guda. Hutun bara ta zo da wani littafin Faransanci mai kauri, wanda in ta buɗe shi ko kira ba ta ji. Ni karatun allo na yi, da ajami nake rubutu, ban san boko ba. Sai na ce ta riƙa juya mini shi da Hausa bayan la'asar, in ji abin da ya fi tuwon uwarta daɗi.

Wani mutum ne ke ba da labarin kansa. Ya ce maƙwabcinsa ya sa shi gaba, yana leƙensa ta taga, yana shiga ɗakinsa in ya fita. Na tausaya masa ƙwarai. Mu yadda aka koya mana, wanda ya riƙe alƙalami shaida ne, abin da ya rubuta zai maimaita gaban Ubangiji, don haka ban kawo wa raina mai ba da labari zai karkatar da ni ba. Wata rana har na ce Allah ya saka masa. Ɗiyata ta rufe fuska da littafin tana dariya.

A ƙarshe ta bayyana mai ba da labarin ne ke shiga gidan maƙwabcin, wancan bawan Allah kuwa tsoro ke sa shi leƙe. Na ji haushi, na ce wannan littafin maƙaryata ne.

"Baba, ai bai faɗi abin da bai faru ba," in ji ta. "Tsallakewa kawai yake yi."

Maganar nan ta bi ni har masallaci. Ina da kundi cikin gafaka inda nake rubuta haihuwa da rasuwar danginmu, kuma nakan karanta shi duk shekara in mun taru yi wa mamatanmu addu'a. A shafin rasuwar mahaifiyarmu na rubuta cewa an aika wa ƙanwata da ke aure Illela, ba ta iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Babu ƙarya a ciki. Amma ran Lahadi Inna ta ce in kira mata ɗiyarta, ni kuwa sai Laraba na je Malbaza na ba wani direban motar siminti takarda, don lokacin babu salula. Mun yi saɓani da mijin ƙanwar tawa a wani taron suna, ba na son ganinsa cikin gidanmu, kuma na ɗauka ciwon zai yi sauƙi. Duk sanda na karanta shafin nan ƙanwata takan sunkuyar da kai. Daga baya ta daina zuwa taron.

Na ɗauki gafaka na shiga motar haya zuwa Illela. Na ishe ƙanwata tsakar gida tana tsinkar ganyen wake. Bayan mun gaisa na karanta mata shafin, sa'an nan na faɗa mata kwana ukun.

Ta ture ganyen waken gefe. Ta ce ranar da takarda ta zo suna da masu noma a gona, ta tsaya ta dafa musu abinci, ta kwana, da safe ta kama hanya. Tun daga ranar ba ta taɓa ɗora tukunyar masu noma ba tare da ta ce wa ranta ita ta zaɓi tukunya ta bar uwarta ba.

Na nemi gafararta. Ta share ido da gefen zane, ta nuna kundin.

"Yaya, ba kuna barin fili a gefen takarda don gyara ba? Rubuta. Lahadi, Litinin, Talata. Kuma a taro mai zuwa ka karanta har da gefen."

Ba ni da tawada tare da ni, sai da aka aro wurin limamin unguwarsu. Na rubuta tana kallo. Mijin nata, wanda yanzu ni da shi duk mun yi furfura, shi ya riƙe mini kwalbar.

Bana ta zo taron. Na karanta shafin da gefensa gaban ƴaƴanmu da jikoki, ba ta sunkuyar da kai ba. Da aka shafa fatiha ta ce wa ɗiyata hutu mai zuwa ta kawo wani littafin, amma a Illela za a karanta, don ta ga yana gyara malamai.

Ban san wanda ya rubuta littafin nan ba, ban san addininsa ba. Na gode wa Allah da ya sa ya iso zaurena tun ni da ƙanwata muna raye, tun da sauran fili a gefen takardar.