Bakina Da Ɗan Farina

A ƙauyenmu, can gefen Moriki, mace ba ta maganar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai har wata ta ɗaga shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Kuma ba ta cutar da kowa, don akwai kaka, akwai gwaggo, su ne bakinta. Ni ma haka aka yi mini, haka na tashi na gani.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda mutanen daji, muka dawo Ƙaura, ni da maigidana da yaron. Shi ya kama kabu-kabu. Ni kuma ina ɗaki ɗaya na haya, ina ta lissafin abin da zai iya faruwa. In ya yi jinkirin dawowa, na ce babur ya kife. In yaron ya yi tari, na ce shi ke nan. Haka Allah ya yi ni.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo, ita ta ja ni zuwa ajin mata da ƙungiyar unguwa ta buɗe a firamare bayan yara sun tashi. Na zaci ɗinki za a koya mana. Ashe zaman wurin aiki ake koyarwa: yadda ake gaida mai saye, yadda ake zuwa kan lokaci, yadda za ka ce ba ka gane ba maimakon ka ce "to" ka je ka ɓata abu. Gwaggo ta ce, "Yau ga ikon Allah, da furfurata za a koya mini gaisuwa!" Malamarmu ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ke ai gaisuwarki ce ta yi yawa. Kafin ki gama tambayar gajiya mai saye ya tafi wani shago."

Malamar nan tana ɗingishi kaɗan, kuma ba ta zama. Ta kan sa mu kwaikwayo, wata ta zama mai shago, wata mai saye mai faɗa. Ni kullum bayan aji nake, bakin mayafi a baki. Amma ina ji.

Da muka yi nisa, ƙungiyar ta raba mu wuraren sana'a don gwaji. Aka kai ni gidan wata Hajiya mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kusa da kasuwar hatsi. Aka ba ni suyar gyaɗa. Aikin yana son ido: ka bar ta kaɗan ta ƙone, man ya yi ɗaci. Kuma ni ce farkon layi. Sai na soya ake murjewa, a kai inji, a matse mai, a mulmula tunkuza. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai. Karo na farko tun barinmu ƙauye na ji ina da inda ake jirana da safe.

Sai damina ta shigo, zazzaɓi ya kama yaron. Jikinsa kamar kasko. Muka kai shi asibiti aka ba mu gado. Na tuna da Hajiya, wallahi na tuna. Wayar maigidana tana nan. Amma in kira in ce me? In buɗe baki in ce wa babbar mace ɗana ba shi da lafiya, kamar marar kunya? Na ce bari gobe. Goben ta zo, na ce bari jibi.

Da aka sallame mu na koma aiki, na tarar da wata a bakin kaskona. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke yarinya, mi ya hana ki zowa?"

Na sunkuyar da kai. "Ba komi, Hajiya."

"Ba komi? Mata sunka zauna suna kallon juna, mai inji ya jira har ya gaji, mutanen Shinkafi sunka zo ɗaukar mai sunka koma hannu wofi, ki ce mini ba komi?"

Ta ce ita ba ta iya aiki da wanda zai ɓace kamar an ɗauke wuta. In je gida, in dawo ranar kasuwa, ta ga ko za ta riƙe ni ko ta gaya wa ƙungiya a kawo wata.

A aji ban iya ɓoye fuskata ba. Gwaggo ce ta fasa maganar, don ta san komai. Malama ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni me ya sa ban aika ba. Kafin in amsa Gwaggo ta ce, "Haba Malama, ɗan fari ne fa! So kike ta tsaya tsakar gidan mutane tana ɗana, ɗana? Mu ba haka munka tashi ba."

Malama ta ce, "Gwaggo, a ƙauye wa ke faɗa a madadinta?"

"Kakarshi mana."

"Ina kakar take yanzu?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi. Surukata tana Zurmi wajen babban ɗanta, uwata kuwa ta rasu.

Malama ta juyo gare ni. "Ban ce ki zubar da kunyarki ba. Kada ki kira sunanshi, kada ki yi mishi wasa gaban kowa, wannan naki ne. Amma Hajiya ba ta san abin da ke cikinki ba. Abin da ta gani shi ne kasko ba wuta. Tashi, ni ce Hajiya."

Ta ɗaure fuska ta riƙe ƙugu. "Mi ya hana ki zowa?"

Na ce, "Wani yaro ne a gidanmu ba shi da lafiya."

"Yaron wa? Na maƙwabta? Ke ce likitan unguwa?"

Aji ya fashe da dariya. Ni ma sai da na murmusa, hawaye na zuba. Muka sake, muka sake. Kalmar "ɗana" ta ƙi fita. Can dai ta fito, ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Ni ban ji ba." Amma da muka fito ita ce ta ce in ƙara ɗaga murya, Hajiyar can kunnenta ya saba da ƙarar inji.

Ranar kasuwa na isa da wuri. Hajiya tana auna mai cikin jarkoki. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, ɗana ne ba shi da lafiya. Asibiti munka kwanta. Ya kamata in aiko, ban aiko ba. Ki yi haƙuri."

Ta ajiye mazurari. "Na farin?"

Na gyaɗa kai.

"Ya jikin nashi?"

"Da sauƙi."

Sannan ta ce, "Nawa na fari yana da mata da 'ya'ya, har yau ban taɓa kiran sunanshi ba. Kina ganin ni ban san wanga abu ba? Amma da kin aiko, da na sa wata ta riƙe miki, da kuma na zo dubiya. Kin hana ni lada, kin hana ni mai."

Ba ta mayar mini da kaskon nan take ba, don ta riga ta ba waccan matar kuma ba ta son ta tashe ta. Ta sa ni mulmular ƙuli-ƙuli, ta ce in ta sayi kasko na biyu nawa ne. Kafin kaka ta shigo, ta saya.

Har yanzu ina can. Har yanzu gabana na faɗuwa in yaron ya yi atishawa. Ranar da za a kai shi rigakafi, tun jajibiri na samu Hajiya na gaya mata zan makara, da dalili. Ta ce, "To, Allah shi kai mu," ta ci gaba da abin da take yi. Na tsaya ina jiran sauran faɗan. Ta ɗago ta ce, "Mi kike jira? Gyaɗarki za ta ƙone."