Ragon Alhaji da wuƙar aljihuna

Wani rago ya diro daga bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, a kasuwar Assihar, igiya ta shaƙe shi, yana reto yana shure-shure. Mutane sai salati suke, ba wanda ya matsa.

Lokacin ina aikin gini a Tamanrasset, tun kafin wayar hannu ta yawaita. Kullum da 'yar wuƙata mai naɗewa a aljihu, da ita nake farke buhun siminti. Na buɗe ta, na datse igiyar. Ragon ya faɗi, ya yi tari, ya miƙe.

Sai ga mai shi a guje, wani Alhaji ɗan ƙasarmu Nijar.

"Kai! Wa ya sa ka yanke mini sabuwar igiya?"

Na ce, "Alhaji, mutuwa fa zai yi."

Ya dubi hannuna ya ce, "Me kake da wuƙa cikin kasuwa? Irinku ne ke yanke wa mutane aljihu."

Ya ja ragonsa ya wuce, ko sannu.

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ku da ku ne, me za ku ce masa?