Ranar da Sabri Ya Bi Hanyar Awaki

Nurettin ya shekara ashirin da shida yana tuƙa jirgin roba a kogin Coruh, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa rasa ran baƙo ko ɗaya ba. Mutanen Yusufeli sun san haka, suna kuma faɗa da alfahari. Abin da ba su sani ba shi ne, akwai rana guda a cikin waɗannan shekaru wadda duk lokacin da aka yabe shi a kanta sai ya sunkuyar da kai.

Ɗan manomin shinkafa ne. Mahaifinsa ya bar masa 'yar fadama a bakin kogi da itatuwan zaitun goma sha ɗaya, kuma da a nan rayuwarsa za ta ƙare, ba don baƙin da suka fara zuwa da jiragen roba suna neman masu ɗaukar kaya ba. Su biyu suka shiga aikin, shi da Sabri, wan matarsa Gulizar, wanda yake kira Abi, wato yaya, saboda ya girme shi da shekara huɗu. Daga ɗaukar kaya suka koma riƙe filafili, daga nan kowannensu ya sami jirginsa, suna fita tare, ɗaya gaba ɗaya baya. Nurettin ƙarfin dantse gare shi da zafin nama. Sabri kuwa ido gare shi: yakan tsaya a kan dutse ya ƙura wa ruwa ido har shayinsa ya huce, sannan ya faɗi inda jirgi zai bi.

Masu wannan sana'a sun kasa wuraren haukan ruwa mataki shida. Na ɗaya ko tsohuwa ta wuce shi tana saƙa. Na huɗu sai kowa a jirgi ya bi umarni ba gardama. Na biyar kuskure ɗaya ya isa a yi jana'iza, na shida kuwa ba a shigarsa da baƙi. Sai dai matakin ba a rubuce yake a jikin dutse ba. Idan ƙanƙarar kan duwatsu ta narke a watan Yuni, huɗun jiya kan kwana ya tashi biyar. Shi ya sa suke da ƙa'ida: kafin kowace babbar magangara a ɗaure jirage, jagorori su hau tudu su duba, su yi shawara ƙasa-ƙasa inda baƙi ba sa ji, sannan su dawo da magana ɗaya. Idan ɗayansu ya ce a zagaye ta ƙasa, an zagaye ke nan, kuma ba wanda zai san daga bakin wa maganar ta fito.

Ranar da ake magana, sun ɗauko samari goma sha biyu daga Ankara, shida a kowane jirgi. An kwana biyu ana zafi mai tsanani, kogin ya cika ya yi launin ƙasa. Da suka iso Maniƙa, magangarar da ta samo sunanta daga tsohon gidan niƙan masara da ke gefenta, suka ɗaure jirage suka hau tudu. Samarin ba su tsaya inda aka ce su tsaya ba, suka biyo su.

Sabri ya daɗe yana kallo. Ya nuna wa Nurettin cewa dutsen tsakiya, wanda kullum suke kauce masa ta dama, ya nutse ɗungum, kuma a bayansa ruwa ya haƙa rami yana juyawa a kansa. Ya ce yau Maniƙa biyar ce, har ta ɗan ɗara, don haka za a ɗauki jirage a ka. Ɗaya daga cikin samarin ya ji, ya ce wa 'yan'uwansa ashe dako suka zo koyo tun daga Ankara. Suka dubi Nurettin, wanda tun safe suke yi wa kirari saboda yadda yake ratsa ruwa yana waƙa.

Shekara tara ke nan ba a kiran Nurettin da sunansa, sai dai mijin ƙanwar Sabri. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Abi, Maniƙa huɗu ce tun ina goye. In ƙafafunka ne ke son motsa jini, ga hanyar awaki can, ka gaishe su."

Samarin suka fashe da dariya. Sabri bai dube su ba, surukinsa ya duba.

"Nuri, ba a nan ake wannan magana ba."

"An riga an yi ta."

Sabri ya ce wa mutanensa shida su bi hanyar tudu, shi kuma ya sauka can ƙasan magangarar ya tsaya a kan wani falalen dutse, igiyar ceto a hannunsa.

Tun a igiyar ruwa ta farko Nurettin ya gane wanda ke da gaskiya. Jirgin bai saurari filafili ba. Ruwa ya juya shi, suka shiga da baya, suka faɗa gefen ramin nan, ɓangare guda ya ɗaga sama har ya ga ƙasan takalmin wanda ke gabansa. Ya buɗe baki ya ba da umarni, ruwa ya cika masa shi. Bai yi komai ba, domin babu abin yi. Ramin ya riƙe su na ɗan lokaci, sa'an nan ya tofar da su, su bakwai cif, ba wanda ya faɗa. Samarin suka yi ta ihu suna dukan ruwa da filafili, a zatonsu shiga da baya wata gwaninta ce.

Mutanen Sabri kuwa sun yi sa'a guda suna jan jirgi a hanyar awaki cikin rana, ƙaya na yagar ƙafafunsu. Kafin la'asar labari ya isa gidan shayin da ke bakin gada, kafin mako ya zagayo an raɗa wa Sabri suna Ɗan Tudu. Masu buga darar tavla sukan tambaye shi lafiyar awaki. Baƙi suka riƙa zuwa da sunan Nurettin a bakinsu, kuma idan aka ce su shiga jirgin Sabri sai su ce za su jira. Nurettin yana zaune a wurin duk lokacin da ake wannan ba'a. Jimla ɗaya ce ake bukata daga gare shi, ya kuma sha shirya ta a ransa, amma kullum sai ya ga gobe ta fi dacewa.

Bayan damina biyu Sabri ya sayar da jirginsa ya koma Bursa, ya kama aiki a masaƙa. Gulizar ba ta taɓa tambayar mijinta abin da ya faru ba. Ta dai daina zuwa bakin kogi tarbarsa. Shi kuma daga ranar bai sake shiga magangarar da abokin aikinsa ya yi shakka a kanta ba, har matasan jagorori suna cewa tsufa ya kama shi da wuri.

Shekara goma sha takwas suka wuce. Aka gama gina madatsar ruwa a kan kogin, aka sanar cewa tsohon gari zai nutse, kowa ya kwashe mamatansa zuwa sabuwar maƙabarta a kan tudu. Wannan ne ya dawo da Sabri, furfura ta rufe shi, yana tari irin na masu aikin zare. Su biyu da Nurettin suka tono mahaifin Sabri, suka naɗe ƙasusuwan a sabon likkafani, suka sake binne shi. Da liman da sauran mutane suka watse, Nurettin ya tsaya yana karkaɗe ƙasa daga hannunsa fiye da yadda ake bukata.

"Abi, biyar ce. Ranar nan. Ba ni na fitar da mu ba."

"Na sani. Ina riƙe da igiya, na ga fuskarka." Sabri ya gyara hularsa. "Ni ba na bukatar a gaya mini, Nuri. A gidan shayi aka yi mini dariya, ba a maƙabarta ba."

Washegari da hantsi Nurettin ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi gidan shayin sabon gari, mai kujerun roba da ƙamshin fenti. Ya aika a kira Sabri, aka dawo aka ce ya bi motar asuba, domin hutun kwana biyu kawai aka ba shi. Duk da haka ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin, ya faɗi maganar daga farko har ƙarshe: dutsen da ya nutse, ramin, ƙa'idar da ya karya, da wanda ya karanta ruwa daidai. Ya duba fuskokin da ke gabansa. Masu dariyar nan wasu suna cikin waɗanda aka kwashe ƙasusuwansu a makon, wasu sun bi 'ya'yansu birni. Waɗanda ke zaune ma'aikatan hanya ne da samarin da ba su taɓa jin sunan Ɗan Tudu ba. Suka saurare shi cikin ladabi, kamar yadda ake sauraron dattijo. Da ya yi shiru, mai shayin ya tambaye shi ko a ƙaro masa wani shayin.