Mai Wayoyi da Mai Sa Barci

Ƙanwata tun tana ƙarama kitso ne sana'arta, surutu kuma kyauta take haɗawa da shi. Yau a asibitinmu Mai Wayoyi ake kiranta. Ita ke tsaga gashin masu farfaɗiya, ta manna musu wayoyi a ka, ta karanta lantarkin ƙwaƙwalwarsu a allon na'ura. Kafin ta gama mannawa ta san sunan surukar mutum da abin da ya haɗa su faɗa. Marasa lafiya kamar su haɗiye ta don so. Ni yayarta, mai sa barci a ɗakin tiyata, kishinta nake ji har wuya, ba na ɓoyewa.

Ni dai sau ɗaya suke ganina, rabin fuska a cikin takunkumi. In ce, "Ja numfashi," shi ke nan, sun tafi.

Akwai wani tela da farfaɗiya ta sha kayar da shi a kan keken ɗinkinsa. Aka shigo da shi don a cire ɗan wurin da ciwon ke tasowa a ƙwaƙwalwa. Iskar da nake shaƙa wa mutane tana da hali: in na ƙara ta daidai, wurin ciwon kan tsananta tsalle a allo ya tona kansa, in na zarce, layukan lantarkin da ke allon su kwanta, a rasa komai. Ranar layukan tela suka yi shiru. Likita ya dube ni. Na dinga murɗa iskar kaɗan-kaɗan, ido kan bugun zuciyarsa.

Can ƙanwata, da ke gaban na'urarta a ɗakin tiyatar, ta nuna allo. "Ga shi nan, likita!"

"Madalla da idonki," in ji likita.

Idonta, wai.

Da tela ya warke, sai ga shi da doguwar riga mai aiki a wuya, ya miƙa mata da hannu biyu. Ina tsaye a gefe, na ma sauke takunkumi, ko Allah zai sa.

Ita kuwa, abin haushi, ba ta da rowa. Ta jawo hannuna. "Malam, gai da Yaya. Ita ta riƙe maka numfashi har aka gama."

Ya russuna cikin ladabi, ya ƙare mini kallo.

"Allah sarki," ya ce. "Ke ma nan kike aiki?"